Neman kalma: me za mu kira "offline" kafin Litinin?

Malamar Aji Biyar: Assalamu alaikum. A taimaka min, lokaci ya ƙure. Ranar Litinin zan horar da malaman firamare na ƙauyukan Gagarawa kan Nigeria Learning Passport, tsarin koyon darussa ta waya ko kwamfuta, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022. Na gama fassara takardar, kalma ɗaya ce ta tsaya min a maƙogwaro: "offline". Da na rubuta "babu intanet", sai na tuna abin da na gani zangon da ya wuce. Na je wata makaranta na tarar da kwamfutocin hannu a kulle cikin akwatin ƙarfe a ofishin hedimasta, ko ledarsu ba a ɓare ba. Ya ce ai waɗanda suka kawo sun ce "babu intanet", su kuma garinsu sai an hau tudun bayan masallaci ake samun sabis, don haka ya adana su har ranar da za a kafa musu turke. Alhali darussan suna ciki tun daga Dutse! Kalmar da za ta nuna abin yana aiki nake nema, ba wadda za ta sa a zaci an rasa wani abu ba.

Ɗan Ringim: Wa alaikumus salam. "Ba sai da intanet ba." Magana ta ƙare.

Malamar Aji Biyar: Yaya, a baki ya yi daidai. Amma a takardar akwai zane mai gida biyu, online da offline. Jimla guda ba za ta shiga gidan ba.

Mai Sola Gumel: Mu a shago "na tura-tura" muke cewa. Wa bai san kai memori kasuwa a cika masa shi da fim da wa'azi ya dawo gida ya kalla ba data ba? Akwatin da na haɗa wa wata makaranta ma haka yake. Raspberry Pi ce, 'yar kwamfutar da ba ta fi sabulun wanki girma ba, aka zuba mata Kolibri, manhajar da ke ɗauke da darussa. Ita ke ba da Wi-Fi nata a cikin aji, yara su kama, ba ruwanta da MTN ko Airtel. Farantin sola ɗaya da batir sun riƙe ta.

Baba Hedimasta Mai Ritaya: Ɗana, kada ka kai tura-tura makaranta, iyaye za su ce fim aka kawo wa 'ya'yansu. 'Yata, rubuta "guzuri". Mai tafiya Maigatari ranar kasuwa yana ƙulla ƙuli-ƙulinsa tun daga gida don ya san hanya ba mai sayarwa. Darasin guzuri ke nan. Ɗaya gidan kuma ki sa "kai-tsaye", rediyo ta riga ta koya wa kowa ita.

Alƙalamin Zaure: Ni abin da ke ba ni takaici, tun daga sama nake ƙirga: intanet, sabis, memori, data, sola, batir. Wai nan neman kalmar Hausa ake! Na daɗe da ƙirƙiro wadda ta dace: katse-gizo, daga yanar gizo. Kishiyarta haɗe-gizo. Aikatau da suna, ginin dafa-duka da hana-salla. Gajeriya ce, kuma za ta shiga gidan zanen Malama ba matsi.

Ɗan Ringim: Allah gafarta Malam, ka katse Gizo, Ƙoƙi ta zauna da wa?

Malamar Aji Biyar: Malam, ginin ba laifi. Amma "katse" ita ce ta mayar da ni gidan jiya. Hedimastan nan da ya ji an katse, kulle akwatinsa zai ƙara yi.

Alƙalamin Zaure: To laifin kalma ne ko na wanda bai karanta ba? Haka aka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka bar ta aka rungumi kwamfuta saboda lalaci. Ni Hausa na karanta a Jami'ar Bayero, ba a bakin tasha na tsince ta ba.

Ɗan Ringim: Mu 'yan tasha mun gode. Dama ku Kanawa gani kuke Hausa ta tsaya a Ƙofar Nasarawa, mu da muka fita daga jiharku a 1991 ko bakinmu ma aro ne.

Baba Hedimasta Mai Ritaya: Kai, ku bari. Malam, sunan da ka sa wa kanka ma, alƙalami, daga Larabci ya zo. Allo ma haka. Ba wanda ya ce almajiri ya ajiye su sai an samo na gida.

Alƙalamin Zaure: Baba, ranka ya daɗe, aron Larabci daban, ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida.

Mai Sola Gumel: Batir ma in Allah ya ba shi rai zai shekara.

Uwar 'Yan Biyu: Ku dawo kan maganar Malama don Allah. Guzuri ya yi min daɗi, sai dai abu biyu. Guzuri cinye shi ake ya ƙare, wani malamin zai ɗauka darasin ma ƙarewa yake kamar data, ya riƙa tsimi yana hana yara taɓawa. Sannan a garinmu in ka ce guzuri ba tafiya a gabanka, lahira ake tunawa. Me zai hana rumbu?

Baba Hedimasta Mai Ritaya: Rumbu na akwatin Mai Sola ne, 'yata. A ce masa rumbun darasi. Ana ɗiba duk shekara, in an samu sabis ko an kai shi gari a ƙara zuba sabo, kamar kaka ta yi. Amma yaron da ke riƙe da kwamfutar hannu ba rumbu ya ɗauka ba.

Malamar Aji Biyar: Rumbun darasi na karɓa hannu biyu, dama ban san me zan kira akwatin ba. Kada ma a taɓo min manhaja, wadda yanzu in na faɗa rabin malamai tsarin karatu suke ji, rabi abin cikin waya. Wannan faɗan wata rana ne.

Na gwada duka a kan mai gadinmu ɗazu. Katse-gizo ya ce a maimaita, na maimaita, ya yi dariya. Guzuri ya ce, "Wato an zuba tun daga gida." Don haka a zanen na sa Guzuri da Kai-tsaye, a ƙarƙashin Guzuri da ƙananan baƙaƙe: ba sai da intanet ba, kuma ba ya ƙarewa.

Ɗan Ringim: Ashe dai jimlata ta shiga gidan.

Alƙalamin Zaure: Mai gadi ɗaya ba bincike ba ne. Guzuri dai ba Turanci ba ce, wannan kaɗai ya sa ba zan ja ba. Amma ko a ƙasan shafi ki sa katse-gizo, malamai su zaɓa da kansu.

Malamar Aji Biyar: An riga an kai wa mai fotokwafi, Malam.

Mai Sola Gumel: Malama, ki sa a yi wa kwamfutocin hannun caji tun ranar Lahadi. Hadari ake ta yi kwanan nan, farantin ba ya cika batir.