Tayar hunturu mai harafin T a motar da takardarta ta ce H: doka da inshora za su yarda?

Ɗan Damagaram, Harburg

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan.

Shekarata huɗu a birnin Hamburg na Jamus, ina zaune a unguwar Harburg, amma sai watan Afrilun bana Allah ya hore mini motata ta farko, Golf ta 2014 mai shan dizal, na saye ta hannun wani dattijon Bajamushe. Da tayoyin bazara ta zo, babu na hunturu. Ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ƙarfe biyar na asuba nake fita, kuma tun makon jiya na fara tarar da gilashin gaba ya daskare. Uwargida ta ce ba za ta ƙara sa yara a motar ba sai na canza taya, kuma gaskiyarta ne.

Ranar Asabar na je gareji uku. A takardar motar, a layi na 15.1 da 15.2, an rubuta 195/65 R15 91H. Garejin farko ya ce sababbi huɗu masu harafin H, da kuɗin ɗaurawa, yuro 390. Na biyu ya ce yana da sababbi masu 91T a kan yuro 315, ya ce babu wata matsala, zai manna mini sitika a gaban sitiyari. Na uku wani ɗan uwa ne ɗan Afirka mai sayar da na hannu, ya nuna mini huɗu masu rubutun M+S, wato na laka da dusar ƙanƙara, harafinsu H ne daidai da takarda, zanensu da saura sosai, ya ce in kawo 140.

Abin da ya hana ni barci shi ne na duba na ga T na nufin kilomita 190 a awa, takardar motata kuma ta ce iyakar gudunta 192. Kilomita biyu kacal ne tsakani. Ni kuwa ban taɓa wuce 140 ba tun da na fara tuƙi a ƙasar nan. To amma wani abokin aikina ya rantse mini cewa idan na sa harafin da bai kai na takarda ba, motar ta fita daga doka, kuma ranar da tsautsayi ya afka, Allah ya kiyaye, inshora ba za ta biya ko sisi ba. Inshora biyu gare ni: ta dole, da ƙaramar Kasko mai biyan wasu nau'o'in ɓarnar motata.

Wanne zan ɗauka? Zuciyata ta fi karkata ga na 140 ɗin, saboda ƙarshen Disamba za mu je Linz a Ostiriya wurin yayan matata, kuma kuɗin hanya ma abin lissafi ne.

Baba Mai Tasi

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara ashirin da 'yan kai ina jan tasi a garin nan, bari in gaya maka abin da na sani.

Abokin aikinka ya faɗi gaskiya a kan tayar bazara. Ita ba a yarda harafinta ya gaza abin da motar za ta iya gudu ba. Amma tayar hunturu doka ta yi mata sassauci, yana nan a sashe na 36 na StVZO, dokar Jamus kan ƙa'idojin motocin da ke hawa titi. Za ka iya sa T a motar da aka rubuta mata H, da sharaɗi biyu: a manna sitika mai nuna 190 a inda idonka ke gani kana tuƙi, ko a saita gargaɗin a allon motar idan tana da shi, sannan kai kuma kada ka wuce 190 ɗin. Iyakar kenan. Mai gareji na biyu bai yaudare ka ba. Ni kaina na yi hunturu da yawa da irin wannan sitika a dashbod.

Haruffan da za ka riƙa gani su ne Q 160, S 180, T 190, H 210, V 240. Abin da harafin ke cewa shi ne gudun da tayar za ta jure ɗauke da cikakken nauyinta ba tare da zafi ya lalata ta ba. Ba ya nufin H ta fi T kama ƙanƙara. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, suna zaton babban harafi shi ne babbar taya.

Lambar da ke gaban harafin kuwa, 91 ɗin nan, ita ba ta da sassauci ko kaɗan. 91 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615. Kana iya sa 94 ko 95, amma kada ka yarda a sa maka 88 don an ce ta fi araha. Ka tuna yadda mutanenmu ke loda mota idan za a je wurin dangi, buhun shinkafa, akwatuna, yara a baya.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Na 140 ɗin nan da zuciyarka ke so, su ne kaɗai cikin ukun da za su iya jawo maka tara. Ka koma ka duba gefen tayar, ka nemi hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Idan M+S ne kawai babu wannan hoton, a idon dokar Jamus ba tayar hunturu ba ce. An yi wa tsofaffin da aka ƙera kafin 2018 rangwame, amma rangwamen ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2024. Ɗan sanda ya tare ka da su ranar da titi ke da ƙanƙara ko dusa ko laka-lakar dusa, yuro 60 ne da makin laifi ɗaya a rajistar direbobi da ke Flensburg. Ka tare wa mutane hanya ya zama 80, ka jefa wani cikin haɗari 100, ka yi karo 120. Harafin H da ke jikinsu ba zai cece ka ba.

Sannan ka nemi rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. 4416 na nufin mako na 44 a 2016. Robar tayar hunturu laushinta shi ne amfaninta, idan ta tsufa sai ta ƙandare, zane yana nan kamar sabo amma ba ta kama titi. Na taɓa taka birki a gangaren wata gada da irin waɗannan, motar ta ci gaba da tafiya abinta kamar ban taka komai ba, Allah ne ya sa babu kowa a gabana. Tun ranar ban ƙara sayen ta hannu da ta wuce shekara biyar ba.

Maman Hanifa, Bremen

Sannu ƙanena. Baba ya gama magana a kan doka, ni ta inshora zan taɓa, domin na sha ta a jikina.

Inshorar dole, wadda suke kira Haftpflicht, ba don kai aka yi ta ba, don wanda ka buga aka yi ta. Shi za a biya shi ko da wace irin taya ce a motarka. Don haka maganar "ba za su biya ko sisi ba" ba haka take ba. Inda gardama ke tashi shi ne Kasko, mai biyan ɓarnar motarka. Idan suka ga sakaci ne babba, wanda suke kira grobe Fahrlässigkeit, suna da damar rage abin da za su ba ka gwargwadon girman sakacin. Kuma sai sakacin yana da hannu a haɗarin. Wanda ke tafiya da 50 cikin gari da tayar T mai sitika, aka yi karo, harafin bai shiga maganar ba. Wanda ya taka 200 da tayar 190 ta fashe, ko ya hau dusa da tayar bazara ya zame, shi ne ya ba su ƙofa.

Abin da ya same ni: wata Janairu ina dawowa daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wani ya fito daga ƙaramin titi bai tsaya ba, ya shiga gabana. Hanya tawa ce, laifinsa ne ƙarara. Amma ni a lokacin ina kan tayar bazara, ina ta cewa sai albashi ya shigo. Kamfanin inshorarsa ya rubuto cewa da ina da tayar da ta dace da na tsaya kafin in kai gare shi, suka ɗora mini wani kaso na laifin. Wata biyar muna musayar wasiƙu da lauya, kuma abin da na rasa ya ninka kuɗin taya huɗu. Ba wanda ya tambaye ni T ko H. Tambayarsu ɗaya ce, akwai hoton dutsen nan ko babu.

Ka ɗauko takardun inshorarka ka duba ko an rubuta cewa sun yafe hujjar babban sakaci, kamfanoni da yawa suna sa wannan yanzu. Idan Jamusancin ya yi maka nauyi, aika musu imel ka ce za ka sa 91T mai alamar dutse da sitika, su amsa maka a rubuce. Ka ajiye amsar tare da rasit ɗin gareji. Ka kuma sani ƙaramar Kasko, wato Teilkasko, gilashi da sata da gobara da karo da naman daji take biya. Idan kai ka zame ka daki ƙarfen gefen titi, ba ta biyan gyaran motarka ko tayarka ta fi ta kowa kyau. Wannan sai babbar Kasko, wato Vollkasko.

Abu Direban Tirela

Ban ƙi maganar Baba ba, amma ni da ni ne H zan saya, kuma ga dalilina.

Sassaucin nan kowace ƙasa da yadda ta tsara nata. Italiya ta yarda da ƙaramin harafi a lokacin sanyi, amma daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba ta hana, ko da sitika. Mu kuma mun san halinmu, mutum zai sa tayar hunturu ya ce zai cire bayan Ista, sai ga shi a Yuli yana kanta ya nufi Brescia ko Napoli wurin 'yan uwa. Sannan sitika tana ɓarewa, ko ka ara wa wani mota bai san ma'anarta ba. Yuro 75 a raba shi kan hunturu huɗu ko biyar, bai kai abin da zan tsaya ina tunani ba.

Tunda Linz za ku, ka riƙe wannan: a Ostiriya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, idan akwai yanayin hunturu a titi dole ne tayar hunturu, kuma zurfin zanenta ya kai milimita 4. A Jamus 1.6 doka ta ce, shi ya sa mutum zai iya zama daidai a Passau, ya tsallaka iyaka ya zama mai laifi. Ka sa kwabon yuro 2 cikin zanen, idan farin bakin nan na gefe ya ɓuya, ka kai 4 ko kusa. Sabuwa ba ta da wannan damuwar. Kada ka manta da biyan kuɗin babbar hanyarsu kafin ka shiga.

Sani Kofar Ruwa

Ina karanta ku daga Kano. Ashe wannan ne sirrin tayoyin kwatano masu hoton dutse da muke gani a kasuwa, masu zane da yawa ƙanana-ƙanana. Mutane suna rububinsu don sun ga zane ya cika. Na sa biyu a gaban motata bara, kafin in yi Kano zuwa Maiduguri sau nawa a zafin Afrilu sun cinye. Yanzu na gane, roba ce da aka yi wa sanyi muka ɗora a kan kwalta mai ƙuna. Na gode Baba da bayanin DOT, gobe zan duba nawa.

Ɗan Damagaram, Harburg

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na koma wurin mai na hannu yau bayan an tashi aiki. Babu hoton dutse a ko ɗaya, kuma lambar DOT 3715 ce a biyu, 4116 a sauran biyun. Na nuna masa, ya ce shi ma bai san rangwamen ya ƙare ba, na yarda da shi, mun rabu lafiya.

Yaya Maman Hanifa, na aika wa inshora imel ɗin da dare, ina jiran amsa. Maganar Teilkasko ta girgiza ni, wallahi ina zaton tana biyan komai. Zan tambaye su nawa ne ƙarin idan na koma Vollkasko, ko da yake motar ta tsufa.

Malam Abu, na auna maganarka sosai. Ba ni da kowa a Italiya, kuma tayoyin bazarata suna da kyau, dole in mayar da su a Afrilu, don haka na tsaya kan 91T ɗin na yuro 315. Na kira garejin, sun tabbatar akwai alamar dutse, kuma ƙirar bana ce. Sun ba ni ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi. Saura tambaya ɗaya: tayoyin bazara huɗun da za a cire, ɗakin ajiyarmu na ƙasa ƙarami ne kuma yana da danshi. Garejin ya ce zai ajiye mini su a kan yuro 45 har zuwa bazara. Haka kuke yi, ko akwai wanda ke da wuri a Harburg ko Wilhelmsburg?