Ya matuƙan jirgin sama ke gane hanya a tsakiyar teku?

Dan_Malam: Jama'a don Allah, jirgi daga Landan zuwa Niyok, ruwa ne kawai sama da awa uku, ta ya direban ke sanin inda yake?

Hajiya_B: GPS ne da wata na'ura mai lissafin motsin jirgin tun daga tashi. Rada, wato na'urar hango jirage daga ƙasa, ba ta kai tsakiyar tekun Atlantika, sai su riƙa tura saƙo ga masu kula da su a Gander ta Kanada, kuma hanyoyin ma kullum ana sauya su saboda iska.

Dan_Malam: Ikon Allah! To barci fa?

Sarkin_Yawo: Doguwar tafiya matuƙa uku ko huɗu ne, akwai ɗan gado a ɓoye, suna karɓa-karɓa. In sun sauka a kai su otal, galibi kwana ɗaya su juyo, jiki na cewa dare ne rana kuwa tsaka.