Tsoho mai cutar mantuwa da ɓeraye a gida: abin da masu jinya a Jidda suka ce

Bakinsu ya zo ɗaya kan guba: kada a sa ta. Mai cutar mantuwa yakan tsinci abu a ƙasa ya kai baki, kuma yawancin magungunan ɓera hana jini daskarewa suke yi, haɗarin ya ninka idan Baba ko Inna na shan warfarin, maganin da shi ma ke hana jini daskarewa. Ƙwayar fosfin kuwa, wadda ake kashe ƙwari da ɓeraye da ita, iskarta kaɗai tana kisa, har maƙwabta.

Tarko ya fi. A saka shi cikin akwati mai rufi, a jingine da bango bayan firji, da ɗan tunkuza. Ramin da fensir zai shiga, ɓera ma zai shiga, don haka a cusa soson ƙarfe a shafe da siminti.

Inda aka fi tsayawa shi ne ɓoyon abinci da tsohon ke yi. Dabino da burodi a ƙarƙashin matashi su ke kiran ɓeraye. A kwashe lokacin da ake masa wanka, ban da gardama, a bar masa kaɗan a roba mai murfi.

Kashin ɓera ba a share shi a bushe. A buɗe taga minti 30, a sa safar hannu, a jiƙa da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, bayan minti 5 a goge.

Lambar wayar Baladiyya (hukumar birni) a Saudiyya: 940. In tsohon ya haɗiyi guba, a kira motar asibiti: 997.