Idan Wi-Fi ya yi nauyi bayan sauya manhajar kwamfuta

Masu gyaran kwamfuta a Kaduna sun tattauna kan ƙorafin da ke yawan zuwa musu: mutum ya bar Windows ya koma Ubuntu, wata manhajar sarrafa kwamfuta irin ta Linux, sai intanet ta riƙa jan ƙafa. Shawarar farko, a gwada waya a kan Wi-Fi ɗin da kwamfutar ke amfani da shi. In ita ma tana rarrafe, matsalar layi ce, kwamfuta ba ta da laifi.

In wayar na gudu lafiya, sai a duba direban katin Wi-Fi, wato manhajar da ke sa katin aiki, musamman na kamfanin Broadcom ko Realtek, waɗanda suka fi ba da wahala. A haɗa waya da kebul na USB a ari intanet, a buɗe Additional Drivers, sashen saka direbobi a Ubuntu, a saka wanda ya dace.

Abin da aka fi jaddadawa, kuma ni ma na fi yarda da shi, shi ne tsarin tattalin batir, wanda ke sa katin gyangyaɗi. A fayil ɗin saitin NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin intanet, a mayar da wifi.powersave daga 3 zuwa 2 don kashe tsarin, a sake kunna kwamfutar. Wasu sun ƙara da cewa a koma tashar 5GHz idan ana kusa da rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, don 2.4GHz tana cunkushewa a unguwa mai yawan gidaje kamar Tudun Wada.