Sadaka kawai, ko har da neman haƙƙi?

Mai Neman Sani: Jama'a, idan ƙungiyar masu zaman zuhudu ta Katolika ta ce adalci yana cikin aikinta, me take yi da ya wuce rabon abinci da magani?

Tsohon Katikis: Ɗan'uwa, hanyar da aka fi bi matakai uku ce: duba, auna, aikata. Paparoma Yohanna na 23 ya amince da ita a 1961. A fara zama da mutanen, a rubuta abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: albashin da aka riƙe, gonar da aka ƙwace, fursunan da ya shekara ba shari'a. Sannan a auna da Bishara da koyarwar coci, a ɗauki abu ɗaya tak. Wurin dubawar ake yawan tuntuɓe. Sai ka ga an gina asibiti, alhali gurɓataccen ruwa ne ke kwantar da yara.

'Yar Kwayar Coci: Baba, a fara daga gida tukuna. Doka mai lamba 1286 ta coci ta wajabta biyan ma'aikata albashi na adalci. Mai dafa abincin gidan Sistoci tana da takardar ɗaukar aiki kuwa?

Ɗalibin Doka: Akwai iyaka kuma. Dokoki na 672 da 287 sun hana masu zuhudu yin aikin jam'iyya, sai hukumar coci ta ga akwai buƙata. Raka mai ƙara kotu dai ba laifi.