Masu dafa wa karnuka abinci a gida, me kuka gani?

Abban Sadiq, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da karnukan gadi biyu a gidan kajina da ke wajen gari, kare da karya, irin na 'yan sandan nan, kowanne ya kai kilo 30. Da can abincin buhu na kanti nake saya musu, amma tun da aka saki naira a 2023 kuɗin buhun yake ta hawa har ya fi ƙarfina, ga kuma abincin kaji yana jirana. Yanzu ragowar abincin gida ake kai musu, tuwo, shinkafa da miya, wani lokaci da ƙasusuwa. Suna ci, amma gashinsu ya dushe yana zuba, karyar kuma ta rame. Dabbobin nan su ke kwana a farke don in yi barci, haƙƙinsu yana wuyana. Ina so in fara dafa musu nasu daban. Duk wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Maman Ilham, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko, ka raba su da tukunyar gida. Miyarmu babu wadda ba a sa mata albasa, gishiri, dunƙule da attaruhu, kuma albasar nan ita ta kusa kashe mana kare. Bayan wani suna da aka yi a gidanmu an bar soyayyar albasa mai yawa a ƙasan tukunya, yara suka juye masa. Ranar da ya ci lafiyarsa ƙalau. Sai bayan 'yan kwanaki ya kwanta, ba ya ko ɗaga kai in an buga ƙofa, fitsarinsa ya yi ja-ja, dasashinsa ya yi fari fat. Da ƙyar likita ya ceto shi.

Tun daga nan nake da ƙaramar tukunya tasa. Ina dafa tsakin masara ko gutsattsarin shinkafa har ya yi luguf, don hatsin da bai nuna sosai ba fita yake yi yadda ya shiga. A ciki nake yanka kabewa, ko karas, ko dankalin Hausa. Nama kuwa abin da aljihu ya iya: huhu, tumbi, zuciya, guntattakin da mahauci ke ragewa, wani lokaci dafaffen ƙwai. Ina ƙoƙarin naman da ƙwan su kai kusan rabin kwanon. In zan sauke sai in ɗiga ɗan man gyaɗa. Ba na sa magi ko yaji. Kuma sai ya huce, kare mai yunwa ba ya jiran abinci ya sha iska.

Tsohon Mafarauci, Ningi

Ɗana, ni na gaji karnuka daga mahaifina, ban taɓa sayen abincin buhu ba. Kunun gero mai kauri muke dama musu, ko tuwon dawa a farfasa a cikin romo. Amma kada ka ji haka ka ce hatsi ya isa. Karen farauta yana da rabonsa a duk abin da aka kama, shi ne ƙarfinsa. Da damina, lokacin da ba mu shiga daji, nan da nan za ka ga sun faɗa in ba a nemo musu kayan ciki a kasuwa ba. Naka da ke ɗaure ba su da dajin da za su rama, abin da ka zuba shi ne kawai.

Abu biyu na sani tabbas. Ba a cika wa kare ciki sannan a sa shi gudu, sai ya dawo ya huta ake ba shi mai yawa. Kuma ruwa kada ya yanke masa, musamman da bazara. Maganar ƙashi kuwa da nake ji ana hanawa, nawa suna gwaguyar ƙashi tun suna ƙanana, ban ga abin da ya same su ba.

Likitan Dabbobi, Zariya

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarku a kan ƙashi gaskiya ce ta wani ɓangare. Ɗanyen babban ƙashi da kare ke gwaguya daban ne da dafaffen ƙashin kaza ko soyayye. Wuta tana busar da ƙashi, in aka tauna sai ya tsage ya yi tsini. Da hannuna na sha ciro irinsa a maƙale a dasashi ko a maƙogwaro, akwai kuma waɗanda sai da aka yi musu tiyata saboda ya toshe hanji. Abban Sadiq, ƙasusuwan da suka rage a kwanon gida su ne ainihin waɗanda ba a so.

Abin da Maman Ilham ta gani haka yake. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafawa ko soyawa ba ta kashe gubar. Albasa ɗaya madaidaiciya tana iya taɓa kare mai kilo 30, kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Sai dai a kula, jan fitsari da farin dasashi su ne kuma alamun ciwon da kaska ke sa wa kare, wanda ya yi yawa a wajenmu. Kada a zauna ana hasashe, a kai shi a duba jini.

Amma abin da ya fi damuna a abincin gida shi ne wanda ido ba ya gani, wato kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Nama, kayan ciki da hatsi duk suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ne ƙwarai, alhali jikin kare yana son kalsiyam ya ɗan ɗara fosfaras. In bai samu a kwano ba, daga ƙashinsa jiki zai riƙa ɗiba. Kai da kake da gidan kaji maganin yana hannunka. Ka tara ɓawon ƙwai, a wanke, a tafasa, a shanya ya bushe, a daka a turmi a tankaɗe ya zama gari. Rabin cokalin shayi a kowane rabin kilo na abinci ya ishi babban kare. In kana ba su ƙashin da aka niƙa, ba sai ka ƙara ba.

Hanta tana da amfani sosai, amma kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin, don bitamin A ɗin da ke cikinta in ya yi yawa cutarwa yake yi. Ga gashin da ke zuba, ƙwai da kifi mai maiƙo irin sadin sau biyu a mako suna taimakawa, amma a fara ba su maganin tsutsa, a duba ƙuma da ƙazuwa. Sau da yawa rama daga tsutsa take.

Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka abu ne mai sauƙi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun auna tsarin girkin karnuka guda 200 da suka tattaro daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata, irin su zink, bitamin D da bitamin E. Saboda haka a riƙa sauya nama da kayan lambu, kuma in da hali a nemi garin bitamin na karnuka a shagon magungunan dabbobi.

Ɗan Bukuru, Jos

Likita, abin da ka faɗa na kalsiyam na gan shi a gidan maƙwabcina. Karyarsa ta haifi kwiyakwiyai, manyan iri, da aka yaye su sai ya ɗora su a kan kunu da tsokar nama zalla, wai yana gatanta su. Cikin 'yan watanni ƙafafunsu na gaba suka lanƙwashe, ɗaya ya karye daga tsallen dakali kawai. Da ya ji maganar ɓawon ƙwai sai ya so ya riƙa zubawa da ludayi, likitansa ya hana, ya ce kwikwiyon babban iri yawan kalsiyam ma yana lalata masa gaɓoɓi, sai an auna. Ni abin da nake yi, manya ina dafa musu, amma kwikwiyo ina daurewa in sayi abincin kanti na ƙanana har ya kusa shekara, ko in haɗa rabi da rabi. Sau uku ko huɗu a yini nake ba shi, kaɗan-kaɗan. Abban Sadiq, in karyarka ta ɗauki ciki ka tuna da wannan, mai shayarwa tana iya cin ninkin abin da ta saba ko fiye.

Malam Na-Tawa, Nijar

Sallama gare ku. Nan wajenmu akwai karnukan Azawak na Buzaye, masu dogayen ƙafafu. A ruga hatsi da nono ne yawancin abincinsu, sai abin da suka kamo. Su halittarsu ce a ga haƙarƙari, amma na Abban Sadiq ba haka ba ne, nasa a shafa a ji haƙarƙarin ba tare da an gan shi daga nesa ba. Abin da na lura, nono mai tsami ko kindirmo kaɗan yana zama musu lafiya, amma ɗanyar madara, musamman ta gari da ake damawa, zawo take sa da yawansu. Hurar da aka sa wa sukari da yaji kuma ta mutane ce. In za a ba su, a dama zallan hatsi.

Yaya Talatu, Funtuwa

Ni gargaɗi na zo da shi, don har yau abin yana mini ciwo. Mun rasa karya mai hankali saboda masarar da ruwa ya taɓa a rumbu. Ta yi funfuna, aka ce ba za a ci ba, sai a bai wa dabbobi. An wanke, an niƙa, an dafa sosai. Karyar ta daina cin abinci, idonta ya yi ɗorawa, tana amai, kafin a kai ta asibiti hanta ta riga ta lalace. Likitan ya ce gubar aflatoksin ce, tafasa ba ta kashe ta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba su jure mata. Ya ce gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dusar da suka sha danshi ma haka ne. Malam, kai mai kaji ka san wannan guba a abincin kaji, to kada araha ta ja ka ga hatsin da aka ƙi. Abin da ba za ka dafa wa iyalinka ba saboda ruɓa, kada ya shiga tukunyar kare.

A ja wa masu gadi da yara kunne kuma. Goro, shayi, kofi da cakulan suna sa zuciyar kare bugawa da sauri har ya yi ta karkarwa, inabi da zabibi kuwa ƙoda suke kashewa.

Abban Sadiq, Kaduna

Allah ya saka muku da alheri, Yaya Talatu Allah ya mayar da alheri. Saura tambaya biyu. Nawa zan zuba wa kowanne a yini? Kuma can babu wuta balle firji, yaya kuke ajiyewa?

Maman Ilham, Kano

Ma'aunin da likita ya ba ni shi ne kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin kare a yini, kenan mai kilo 30 zai ci tsakanin giram 600 zuwa 900. In hatsi da ruwa sun yi yawa a girkin zai buƙaci fiye da haka, jikinsa ne zai nuna maka. Ka raba biyu, safe da yamma, kowa da kwanonsa, don namijin kan ture macen, wataƙila ma shi ya sa ta rame. Kada ka sauya musu rana ɗaya, ka riƙa cuɗa sabon da wanda suka saba har mako guda, in ba haka ba gudawa za su yi. Ajiya kuwa, da zafin nan abin da aka dafa da safe ba ya kwana. Ni na yini ɗaya nake dafawa. Abin da suka bari a kwano a zubar, a wanke kwanon, kada ƙuda ya yini a kai.

Mahauci, Fagge

Ranka ya daɗe, ka samu mahauci ɗaya ka saba da shi, ka je kwata da sassafe kafin masu tsire da masu abinci su kwashe. Ka ce a haɗa maka huhu, saifa, tumbi da naman kai, sun fi tsoka araha nesa. In ka sayi da yawa, a yanyanka siri-siri a shanya ba gishiri, ka riƙa ɗiba kana jefawa a tukunya.

Roƙona ɗaya, kada ka karɓi huhu ko hantar da ke da ƙulli mai ruwa a ciki. Muna ganinsa a tumaki da shanu, a raƙuma ma ya fi yawa, kuma likitocin kwata cirewa suke yi su hana sayarwa. Wasu sai su jefa wa karnuka ɗanye. Tsutsa ce, tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa ya koma kan dabbobi da mutane, har yaran gida. Ko mai kyau ka saya, ka dafa shi ya nuna.

Da Babbar Sallah kuma a yi hattara da kitse. Kowa yana jefa wa kare abin da ba ya so, ya cika ciki da maiƙo rana ɗaya, kashegari sai amai da ciwon ciki. A soye kitsen a adana, a riƙa sa masa cokali ɗaya a abinci.