Samarin fadarmu suna son koyon haɗa fim, ta ina zan fara musu?

Mushen Garin Malam:

Assalamu alaikum. Ni malamin kolej ne a nan Damagaram, Faransanci nake koyarwa. A ƙofar gidanmu akwai fada ta samari, daga 'yan shekara 15 zuwa 20. Wasu ɗalibaina ne, wasu sun bar lakwal, akwai ma masu kabu-kabu a ciki. Tun da aka shiga bakans ba su da aiki sai shayi da salula. Kwanan nan sun fara ɗaukar bidiyo suna sawa a TikTok, kullum abu ɗaya: wani ya naushi wani, a kwashe da ihu, a ɗora kiɗa.

Yanzu sun taso ni gaba wai in koya musu "fim na gaske". Ni kuwa alli da biro na sani. Kayan aikinmu salula uku ne, sai tsohuwar kwamfutata wadda in kuran ya ɗauke ita ma ta ɗauke. Ba burina ba ne su zama taurari. So nake yaron da bakinsa ke rawa gaban babba ya iya magana, wanda ba ya ƙarasa abin da ya fara ya koyi ƙarasawa. Fim yana iya wannan? Kuma me zan gaya wa iyaye? Mahaifin ɗayansu ya riga ya aiko cewa ɗansa ba zai zama ɗan wasa ba.

Tsohon Ɗan Samariya:

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya yi maka albarka. Ka ajiye salular nan tukuna.

Garin nan ba baƙo ba ne ga wasa. Da wasan kara muka tashi, inda yaro zai yi shigar sarki ko ta gwamna, ya kwaikwayi tafiyarsa da tarinsa, manya suna kallo suna dariya. Zamanin Kunce, da aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko a 1976, nan Damagaram aka yi shi. Mu a samariya ba ma rubuta wasa kalma kalma. Zama ake yi a tsara ƙashin labarin, wane ne uba, wane ne mai bin bashi, ina rigimar za ta kai, sannan kowa ya kawo maganarsa daga bakinsa. In ba ka saurari abokinka ba, ka rasa amsar da za ka ba shi, jama'a su yi maka dariyar da ba ita kake nema ba. A wurin na koyi yin shiru har mutum ya kai aya, kuma da shi na ci abinci shekara da shekaru a kasuwa.

Ka tura su biyu biyu su nemo labari. Wasu su je majema su zauna da masu jima, wasu su bi ɗan garuwa tun asuba su ga inda yake samo ruwan da inda yake kai shi, wasu Kasuwar Dole. Su dawo su ba da shi da baki gaban sauran. Labarin da ya sa aka manta da buta a kan gawayi, shi za ku ɗauka.

Ka kuma gaya musu Umaru Ganda, mai haɗa fim ɗan Nijar, tsohon soja ne, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Mahaifin yaron kuwa, kada ka amsa masa ta bakin ɗan aike. Ka taka ka je bayan magariba.

Yar Zango:

Baba ya gama magana, ni ɓangaren hannu zan taɓa, don montaj nake yi, wato yanka hotunan da aka ɗauka da jera su su zama fim.

Mushe, abin da ke kashe fim ɗin salula murya ce. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, amma in ba su ji abin da ake faɗi ba sai su wuce. Iskar hunturu kaɗai ta isa ta cinye muku hira. Ku sa salula ɗaya a aljihun gaba na mai magana tana ɗaukar murya, ɗaya tana hoto. Kafin a fara, wani ya tafa hannu sau ɗaya gaban kamara, da wannan tafin za ku daidaita murya da hoto a CapCut, manhajar montaj ta salula. Salula a kwance za a riƙe ta, gwiwar hannu manne da jiki. Da hantsi ko bayan la'asar ake ɗauka, ranar tsaka tana mai da idon mutum rami. In fuska ta yi duhu, farin zane a gefe da zai maido haske kan fuskar ya wadatar.

Fim na farko kada ya wuce minti uku. Kowa da aikinsa, kuma a riƙa juyawa: mai kamara yau, gobe shi ne mai roƙon masu babur su ɗan dakata. Inda za ka ga canjin da kake nema shi ne wurin montaj. Na ga yaro ya zauna da hoton amininsa, an sha wahala kafin a ɗauke shi, amma yana jan labarin baya. Ya daɗe yatsansa na kan gilashi, ya kasa gogewa. Ƙarshe ya tashi ya je ya yi wa abokin bayani ido da ido, ya dawo ya yanke.

Sai izini. Ba a ɗaukar kowa sai ya yarda, kuma an gaya masa inda za a nuna. Aisha Maki 'yar garin nan ce, fim ɗin da ta yi kan samarin unguwar Kara-Kara ya fito a 2021, ya zaga duniya. Duk wanda ya kalle shi ya san mutanen nan ba za su buɗe mata ciki haka ba in da ba su amince da ita ba. Af, kuma ina 'yan matan unguwar? Fada ta maza ce, na sani, amma cikin gidaje ma akwai labari, kuma samarinka ba za su shiga can ba.

Na Bakin Tasha:

Ni dai Mushe gaskiya zan faɗa. Mun sha ganin masu ba da horo: a zo kwana kaɗan, a raba riga da kuɗin mota, a ɗauki hoto, shi ke nan. Mai kabu-kabu in ya ajiye babur da la'asar, wa zai biya masa kuɗin ranar da yake kai wa mai babur ɗin? Ka haɗa abin da nema. Ɗaukar biki da suna, ko ɗan tallan shago na WhatsApp, ko jika biyu aka samu a sa a asusun fada a sayi mikro. In ba haka ba, ana komawa lakwal za ka waiga ka ga kai kaɗai ne.

Mushen Garin Malam:

Na gode ƙwarai. Baba, na je kamar yadda ka ce. Ashe dattijon baduku ne, kuma da na ce sana'arsa muke son fara ɗauka, sai ya ce a zo ranar Alhamis, amma shi ba zai kalli kamara ba, hannunsa kawai za a nuna. Malama, ƙannen yaran mata biyu sun ce suna so, uwargidana za ta zauna da su a cikin gida. Tambaya ɗaya ta rage: rumfarsa a bakin titi take, babura ba sa yankewa. Mu ɗauki muryarsa daban a gida mu ɗora a kan hoton, ko dole sai a wurin?